Boeta Igsaan, Mai Mayar da Ƙofa Bayan Fitar Makara

Har zuwa watan jiya, in an sallame sallar asuba, Boeta Igsaan Salie (Boeta shi ne Yaya a bakin mutanen unguwarmu) ba ya tsayawa hirar bakin masallaci. Takalmi yake zurawa, ya gyara zaman hula, ya gangara wajen tashar jirgin ƙasa ta Salt River inda shagonsa yake. Tafiyar ba wata mai nisa ba ce, amma yakan daɗe a hanya, domin ba ya wuce kwandon sharar magina bai leƙa ba, irin manyan nan na ƙarfe da ake girkewa a ƙofar gidan da ake gyara. Sai ya sa sanda ya ture buhunan siminti da fasasshen tayil. In ya hango tsohon katako ya jawo shi, ya hure ƙurar, ya shafa shi da babban yatsa kamar uwa na duba goshin ɗanta. In katakon ya yi masa, sai kafaɗa. Tun ina saurayi nake ganinsa haka, mutum mai farar riga tas yana tafe da sharar wasu, kuma na daɗe ina zaton wata 'yar lalura ce da iyalinsa suka haƙura da ita.

Yanzu an rufe shagon. An sayar da ginin, hannun Boeta ya fara rawa, kuma a duk unguwar nan babu wanda ya karɓi sana'arsa. Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan, ni Riedewaan da ake kira Wanie, mai koyar da tuƙin mota, wanda matarsa ta hana shi taɓa guduma tun ranar da ya rataya agogo ya fasa bututun ruwa.

Gidajenmu tsofaffi ne, a jere suke suna jingine da juna, an gina su tun zamanin da ake kawo katakon da ake kira Oregon daga ƙetare a jirgin ruwa. Kowane ɗaki yana da faffaɗan katako da ya bi gindin bango, da wani da ya zagaye bakin ƙofa, kowanne da ƙirarsa: nan tudu, nan kwari, nan lanƙwasa, nan siririn layi. Maginan da kowa da son ransa, sai ka ga gida biyu bango ɗaya amma ƙirar ba ta haɗu ba. To, ranar da damshi ya ruɓar da wani yanki, ko ƙwaro ya cinye shi, sai mai gida ya fara yawon neman irinsa. Zai gama zagayensa, ya ƙona mai, ya ɓata rai, a ƙarshe wani ya ce masa, "Ka je bayan tasha."

A bayan tasha Boeta zai karɓi guntun da aka kawo, ya yanki siririn yanka da zarto, ya ɗora shi a kan wani fallen ƙarfe kamar tafin hannu, ya zana gefensa. Daga nan sai dutsen washi da magagari. Yana ci yana gwadawa, yana ci yana ɗagawa wajen hasken taga, har bakin ƙarfen ya rungumi katakon babu inda haske ke ratsawa. Wannan ƙarfen shi yake kira wuƙa. Ya ɗaura ta a inji, ya tura sabon katako, ya fito ta ɗaya ɓangaren da ƙirar gidanka sak. Kuma ba ya jefar da wuƙa. Kowace yakan buga mata ƙusa a bango, layi-layi, yadda gidajen suke jere a titunansu. Wanda ya shiga shagon ya ɗaga kai, unguwarmu ce yake kallo a rataye.

Tambayarsa ta farko ba ta canzawa: "Fentin nan, kankarewa za ku yi ko ƙarawa?" Domin katakon da ya sha fenti tun zamanin kakanni ya yi ƙiba, kwarinsa ya cike, tudunsa ya dakushe. In za a kankare, wuƙar asali yake yi. In za a ƙara, sai ya yi wadda ta dace da ƙibar. Akwai gidajen da ke da wuƙa biyu a bangonsa, domin miji ya ce a kankare, bayan ya tafi aiki matar ta aiko ta ce a bari.

Amma da wannan ne kaɗai aikinsa, da na ce kafinta ne mai kyau, na yi shiru. Akwai wani aikin da babu wanda ya ɗora masa.

Kowa ya san yadda gidajenmu suke: ka shiga ƙofar waje, siririn lungu ya miƙe har kicin, ɗakin gaba yana gefe. A ɗakin gaba ake wanke mamaci, a nan ake ɗora shi a makara. Ita kuwa makara ba ta lanƙwasa. In aka zo juya ta daga ɗaki zuwa lungu sai ta cije, abin da ya rage bai fi faɗin yatsa biyu ba, kuma yatsa biyun nan katakon bakin ƙofa ne. Dole a cire ƙyauren, a ɓamɓare katakon. Ga shi ana gaggawar binnewa kafin rana ta faɗi, ga maza cike da lungu kowa da shawararsa, ga katako ya tsufa ya bushe ƙayau. Wanda ya sa ƙarfi, sai dai ka ji ƙas.

Saboda haka duk gidan da aka yi rasuwa, kafin masu wanka su iso, Boeta ya riga ya zo da 'yar jakarsa. Ya yi ta'aziyya a taƙaice, ya durƙusa, ya zura wani siririn ƙarfe a bayan katakon, yana lallaba shi ƙusa bayan ƙusa, har ya saki bango lafiya lau. Ya kai shi bayan gida ya jingine. In aka ɗaga makara, maza suka bi ta zuwa masallaci da maƙabarta, shi sai ya tsaya. Shi kaɗai namiji a gida cike da mata, ga ƙamshin miyar karas da koren wake da ake dafa wa masu dawowa, yana mayar da katakon mazauninsa da guduma da ya naɗe wa kai da tsumma don kada ƙara ta dami masu kuka. Kafin maza su dawo da jar ƙasa a takalmansu, ƙofa ta koma yadda take.

Ma'anar wannan ita ce Boeta Igsaan ya rasa rakiyar kusan duk wanda ya mutu a unguwar nan tun kafin in yi aure. Kuma mutane, da yake ba a raba su da halinsu, ba su ga ƙofar ba, rashinsa a maƙabarta suka gani. Na ji da kunnena ana cewa tsoron kabari yake yi. Ni ma na yi dariya a lokacin, da yake dariya ba ta buƙatar gwaninta.

Oom Cyril, wato Kawu Cyril, tsohon direban jirgin ƙasa da ke zaune daura da masallaci, Kirista ne, abokinsa tun suna 'yan makaranta, shi ne ba ya raga masa.

"Igsaan, limaminku ya ce ladan rakiyar gawa kamar dutse yake. Kai ka zaɓi zama cikin mata kana shaƙar miya."

"Ai kai ma ina jiranka, Cyril. Akwatinku ya fi makararmu faɗi, kai kuma kullum ƙara tumbi kake. Bangon zan rusa gaba ɗaya."

"Ka riga ni dai, in ga uban da zai cire taka ƙofar."

"Ka daina yi mini baki, tsohon banza. Miƙo shayin."

Tietie Koelsum (Tietie ita ce Yaya in mace ce), wadda mijinta ya faɗi ya rasu a wurin aiki ya bar ta da yara ƙanana, ita ta gaya mini abin da ya ce mata a ranar. Ta fito daga ɗaki ido a kumbure, ta tarar da shi durƙushe yana goge ƙura a gindin ƙofa. Ta ce, "Boeta, ka bar wannan, ka je ka raka abokinka." Bai ɗago ba ya ce, "Masu raka shi suna da yawa, Tietie. Ke ce za ki zauna a ɗakin nan wata da watanni. Ba na so duk ɗaga idon da za ki yi ki ga inda ya fita." Ta ce tun da aka kawo mata labarin mutuwar, sai a lokacin ta samu kuka ya zo mata sosai.

Kai ne wannan, Boeta. Kai ne ka bar wa wasu ladan da ake gani, ka ɗauki wanda babu mai shaida sai mata da yara. Mai gyaran ɓarnar da ba a so a tuna, mai guduma marar amo.

Ni ban san darajarka ba sai da mahaifiyata ta rasu kana kwance a asibiti an yi maka aikin ido. Makara ta cije a lungu kamar yadda ta saba. Mijin ƙanwata, mutumin da bai taɓa shakkar kansa ba ko sau ɗaya, ya ruga mota ya ɗauko ƙarfen cire taya. Ƙarar da katakon ya yi har yau tana kunnena. Ya tsage tun daga sama har ƙasa, ya tafi da wani yanki na katakon gindin bango, ya bar bulo tsirara. Haka aka yi zaman makoki, kowa ya shigo sai idonsa ya sauka a wurin kafin ya sauka a kanmu.

Da aka watse, uwargidata Shamiela ta ce tunda abin ya zo da haka, a gyara ɗakin gaba ɗaya. Na naɗe guntun katakon a jarida na shiga gari. Na je manyan shagunan kayan gini, irin waɗanda kake tura keken zuba kaya a ciki kamar mai cefane. Ko'ina ƙira uku ce ko huɗu, duka farare, duka na garin katako da aka matse da gam, wanda in ya sha ruwan goge ɗaki sai ya kumbura kamar burodi. Wani mai shago ya juya guntun nawa a hannu ya ce, "Yallaɓai, wannan ai sai gidan tarihi. Ka ɓamɓare na gidan duka ka sa sabo, wa zai sani?" Na je wajen masu sayar da kayan rusassun gidaje, na yini ina tona tarin katako, na samo sartse a yatsa da wani guntu mai kama da namu in ka rufe ido ɗaya. Na kawo gida. Shamiela ta kara shi a bango, ta dube shi, ta dube ni.

"Wanie, wannan da namu ko a lahira ba za su gaisa ba."

"In an yi fenti..."

"In an yi maka fenti kai ma za ka zama kafinta? Ka jira Boeta."

Na jira. Ya zo da ido ɗaya a rufe da auduga, ya tsaya a bakin ƙofar ya dubi ɓarnar. Sannan ya ce, "Ka yafe mini, ban zo wa Antie ba." Mahaifiyata yake nufi, haka yake kiranta. Shi ke neman gafara. Wuƙar gidanmu tana bangonsa tun wani gyara da ya yi wa mahaifina. Katakon kuwa daga cikin sharar da yake tsinta ya zaɓo, wani tsohon ginshiƙin rufi mai launin zuma, domin ya ce sabon katako fari ne fat, zai yi shekaru yana ihu a cikin ɗakin. Da ya kafa shi, sai ya ɗauki takardar goge katako ya dakusar da gefen daidai inda kafaɗa ke gogawa, da ƙasa inda tsintsiya ke bugu, har ya tsufa daidai da 'yan'uwansa. Yau in na nuna wa baƙo ƙofar na ce ya nuna mini sabon, sai ya yi ta lalube. Ni kaina wani lokaci sai na tsaya na yi tunani.

Da labari ya zo cewa an sayar da ginin shagon, za a mai da shi ɗakunan haya masu tsada, mun ɗauka wani zai taso. Ɗansa Tauriq yana ƙasar waje yana harhaɗa kabad ɗin kicin da ke zuwa a kwali. Ya bugo waya, yaron kirki ne, ya ce, "Baba, ka huta haka nan. Yanzu na'ura ce ke zana wannan, ba a wasa ƙarfe da hannu." Boeta ya ce, "Na'urar tana zuwa gidan rasuwa?" Daga nan suka koma maganar jikoki.

An yi sanarwa a masallaci bayan Juma'a cewa duk mai sha'awar koyo, Boeta zai ba shi injin da wuƙaƙen kyauta. Kowa ya gyaɗa kai, aka ce Allah ya saka masa, aka fita neman takalma. Mutum ɗaya ne ya zo, wani mai buɗe gidan shan kofi a babban titi, ya ce wuƙaƙen za su yi kyau a bangonsa, baƙi suna son irin waɗannan abubuwa. Boeta ya ba shi shayi, ya raka shi har ƙofa. Injin kuwa, da yake ya fi ƙaramar mota nauyi kuma babu gidan da zai ɗauke shi, masu sayen tsohon ƙarfe ne suka zo da babbar mota suka ja shi da sarƙa. Oom Cyril ya ce Boeta bai fito ya kalla ba, yana ciki yana sharar wurin da injin ya bari.

Sai Boeta ya kira ni ya ce in zo da mota. Na je da motar koyarwa, da jan harafinta na alamar mai koyo a gaba da baya. Na tarar ya sauke wuƙaƙen duka, ya shafa musu mai, ya naɗe kowace a tsumma, ya jera su a bokitai, titi-titi.

"Ina za mu kai su, Boeta?"

"Gidajensu. Tunda babu mai riƙe su gaba ɗaya, kowa ya riƙe tasa. Wata rana wani zai buƙata, ya kai wa mai inji."

Ban ce masa wane mai injin ba. Na kunna mota.

Mun yi kwanaki muna wannan yawo. Inda tsofaffin unguwa suke, akan karɓa da hannu biyu, a tsare mu da shayi, wata tsohuwa ma ta sa tata a cikin kabad ɗin gilashi kusa da kwanukan aurenta. Amma gidajen da suka rage a hannunmu ba su da yawa, ban san sun yi ƙaranci haka ba sai da na bi su ƙofa-ƙofa. Haya ta kori wasu, 'ya'ya sun sayar da na wasu. Sai mu danna ƙararrawa, wata murya ta fito ta cikin ɗan akwati a jikin ƙofar ƙarfe ta ce ba a sayen komai. Boeta ya sunkuya wajen akwatin yana bayani, "Ba sayarwa nake ba, ta gidanku ce," har muryar ta ɗauke.

Wata matashiya mai kirki da ta sayi gidan marigayi ladan ta buɗe mana, ta saurare shi har ƙarshe, ta ce mu shigo mu ga gyaran da suka yi. Muka shiga. Babu lungu, babu ɗakin gaba, an rushe bangayen duka, tun daga ƙofa kana hango bayan gida. Fari ƙal, bango ya sauka kan daɓe babu ko sili ɗaya na katako. Ta tambaye shi yaya ya gani. Ya juya a hankali yana kallo, wuƙar na hannunsa.

"Ya yi kyau, 'yata. Nan kam makara za ta fita ba gardama."

Ba ta gane ba, ta yi murmushi. Ya mayar da wuƙar aljihu, muka yi godiya. A mota ya ce, "Ko da yake su ba sa mutuwa a gida."

Ta Tietie Koelsum sai da muka kai ta Mitchells Plain, wata unguwa can nesa a gefen gari, inda take zaune yanzu wajen 'yarta, a gidan bulon siminti mai ƙofar ƙarfe. Na ce masa a hanya, "Boeta, gidan da wuƙar nan ta dace da shi ba nata ba ne yanzu." Ya ce, "Ka kalli titi, kai da kake koya wa mutane." Ta warware tsumman, ta bi bakin ƙarfen da yatsa, tudu da kwari, ta ce, "Ƙofata ce." Ta riƙe ta a cinya har muka tafi.

Fiye da rabin wuƙaƙen sun dawo tare da mu. Suna cikin bokitai a ƙarƙashin gadonsa, matarsa tana mita tana zagaye su da tsintsiya. Tamu tana cikin aljihun tebur a kicin, tsakanin mabuɗin gwangwani da batiran da suka mutu. Nakan ɗauko ta in duba. Ƙarfe ne mai kyau, kuma babu abin da zan iya yi da shi.

Boeta Igsaan, mun gode. Na san godiyar ta zo a makare, kuma ta fito daga bakin wanda ya fi kowa rashin amfani a wannan fanni, amma ita ce a hannu. Mun gode da durƙuson da ka yi a ƙofofinmu a ranakun da ba mu iya ganin komai. Mun gode da ka bar mu muna zaginka da tsoron kabari ba ka taɓa tanka mana ba. Allah ya ba ka ladan duk rakiyar da ka rasa, ya ninka, ya sa ka tarar da waɗanda ba ka raka ba suna jiranka da marhabin.

A irin wannan rubutu akan rufe da cewa matasa su yi koyi. Zan faɗa, ko da yake na ga yadda sanarwar Juma'a ta ƙare. Boeta bai ba da komai da komai ba. Ya riƙe magagari ɗaya, da siririn ƙarfen nan na lallaba ƙusa, da 'yan fallayen ƙarfe da ba a taɓa ba. Kullum bayan la'asar yana zaune a barandarsa da su a kan tebur, da kujera ta biyu a gefensa. Ya ce hannu ya tafi amma ido ɗaya da baki suna nan, in wani ya kawo hannu za a haɗa a yi mutum guda. Ba a neman takardar shaida, ba a neman ko sisi. Mutum ake nema wanda zai iya zama wuri ɗaya, wanda kuma zai yarda a tafi maƙabarta a bar shi.

Makon jiya na je na zauna a kujerar. Na ce masa in babu kowa, ga ni. Ya kama hannuwana biyu, ya juya su, ya duba ciki da baya kamar katakon da ya tsinto a shara, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ajiye mini su a kan gwiwata a hankali.

"Allah ya yi maka albarka, Wanie," ya ce. "Zuba mana shayi. Ka tashi daga kujerar kuma, kada wani ya zo ya ga kamar an riga shi."